Na gaji babur ɗin mahaifina amma ban iya tuƙi ba, ta ina zan fara?

Ɗan_Auta

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna hawa babur. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar wani tsohon Honda CG125 ja, yayyena kuma suka ce na ɗauka tunda ni ne ba ni da abin hawa. Ya yi shekaru a jingine an lulluɓe shi da tampol. Tankin yana warin tsohon fetur, tayoyin sun sace amma zanensu bai cinye ba, kik ɗin kuma yana sauka, wato injin bai kame ba.

Matsalar ita ce keke kawai na iya. Abokaina sun kasu biyu, wasu na cewa na sayar na cika kuɗi na sayi sabo, wasu na cewa babu wanda ya fi shi daɗin koyo. Abin da duk bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne kada na kuskura na taɓa birkin gaba, wai shi ke kifar da mutum. Da gaske ne? Sannan hular kwanon Baba tana nan ba ta fashe ba, zan iya sa ta?

Mai_Totur

Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan Baba. Ni dai sayar da shi ka huta da zaryar gareji. Batun birki kuwa abokanka sun yi gaskiya, ni da na baya kaɗai nake aiki kuma ga ni lafiya lau. Tuƙin babur ai ba karatu ba ne, yini ɗaya ka iya.

Dattijon_Babur

Allah Ya gafarta wa mahaifinka, ɗana. Kada ka sayar. Amma bari na fara da maganar birkin nan, don ita ce ta tayar da ni daga kishingiɗe.

Mai Totur, Allah Ya ƙara maka lafiyar, sai dai har yanzu ranar da za ka nemi birki da gaske ba ta zo maka ba. Duk lokacin da aka kama birki, nauyin mutum da na babur gaba suke zubowa. Tayar gaba ta danne kwalta, ta baya ta yi sakayau. Tayar da babu nauyi a kanta ba ta da riƙo, shi ya sa da ka taka na baya da ƙarfi sai ka ji ƙiii, gindin babur ya karkace, kai kuma kana ta tafiya ba ka tsaya ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa a gaba yake. Wanda ya hana ka birkin gaba ya ƙwace maka mafi yawan birkinka ne, ya bar ka da ragowa.

Ba ni kaɗai na faɗa ba. A 1981 wani masani mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka ya fitar da rahoto bayan shi da abokan aikinsa sun bi diddigin haɗurran babur 900 ɗaya bayan ɗaya. Cikin abin da suka gano, yawancin mahaya idan abu ya taso kan danne birkin baya har taya ta ja ƙasa, su ƙi kama na gaba yadda ya kamata. Kashi 92 cikin ɗari na waɗanda haɗarin ya rutsa da su ko dai su suka koya wa kansu, ko wani ɗan'uwa ko aboki ne ya koya musu. Kuma ba gudun fitar hankali suke yi ba, matsakaicin gudunsu kafin karo bai wuce kilomita 48 a awa ba. Lokacin da mahayi ke samu tsakanin ganin haɗari da aukuwarsa bai cika daƙiƙa 2 ba. A cikin daƙiƙa 2 ba ka da lokacin tunani, abin da hannunka ya saba shi zai yi.

Tsoron abokanka yana da tushe, amma ba birkin ke kayar da mutum ba, damƙa ce. Idan ka cafke shi lokaci ɗaya kafin nauyi ya sauko kan tayar gaba, ko kan babur yana karkace, ko kana kan yashi, tayar za ta kulle ka sha ƙasa. Matsa shi ake yi kamar mai matse soso, a hankali da farko, sannan a ƙara ƙarfi, kan babur a miƙe, ƙafa kuma tana taimakawa da na baya.

Ka nemi fili mai faɗi wanda mota ba ta shiga. Kwanakin farko kada ka wuce giya ta ɗaya. Ka riƙa sakin kuloci sannu-sannu har ka gane daidai inda yake fara jan babur, ka kama, ka sake saki, har hannun hagunka ya haddace wurin. Bayan nan ka ja layi a ƙasa, ka taho a guje kaɗan, ka tsaya a kansa da birki biyu. Ka yi ta maimaitawa har ka gaji, gobe ka koma. Idan akwai makarantar koyon tuƙin babur inda kake, je ka, kuma ka yi lasin kafin ka hau titi.

Shi wannan babur ɗin kuwa ka yi dace. Honda ta fito da CG125 a 1975 musamman saboda ƙasashen da ake wahalar da babur, a yi masa lodi fiye da ƙima, a manta da canjin baƙin mai. Da gangan aka sauƙaƙa injinsa don ya jure sakaci. Ba shi da nauyi, ba shi da ƙarfin da zai fizge ka, idan ya faɗi kai kaɗai za ka ɗaga abinka. Abu ɗaya ka riƙe, irin na da birkinsa na waya ne, bai kai na faifai mai aiki da mai kamawa ba, balle na zamani mai ABS da ke hana taya kullewa. Saboda haka ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka. A gudun kilomita 60 a awa, kusan mita 17 kake ci duk daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi.

Hular Baba ka ajiye ta don tunawa, ka sayi sabuwa. Ba ƙoƙon waje ne ke ceton kai ba, farin soson da ke ciki ne, shi ke murƙushewa ya shanye bugu. Sau ɗaya yake wannan aikin, kuma yana lalacewa da tsufa ko da waje na sheƙi. Ka nemi mai rufe haɓa, mai tambarin ingancin ECE ko DOT (shaidar ta ci gwajin kariya na Turai ko Amurka), wadda ta kama kanka ba ta yawo, kuma ka ɗaure igiyar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Wadda aka ɗora ba a ɗaure ba, ita ke riga mai ita isa ƙasa. Ka haɗa da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, don tafin hannu mutum ke fara kaiwa ƙasa ko bai yi niyya ba.

Bakanike_Sifana14

Dattijo ya gama magana a kan tuƙi, ni ɓangaren ƙarfe zan taɓa. Ƙanena, kada ka buga kik ɗin nan da niyyar tayar da shi tukuna. Zubar da tsohon fetur, a wanke tanki a duba tsatsa, a kwance kabureta a wanke don fetur idan ya daɗe danƙo yake zama ya toshe ƙananan ramuka. Sabon baƙin mai, sabon fulogi, sabon batir. Wayar birki da ta kuloci da ta totur duk a canza, ko sun yi kyau a ido. Takalmin birki ma a buɗe a gani.

Tayoyin nan kada zanensu ya ruɗe ka. Roba tana bushewa ta yi tauri, ta daina kama kwalta. Duba gefen taya, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na 2014 ke nan. Idan lambobi uku ne kawai, tun kafin 2000 aka yi ta. Tayar da ta haura shekara biyar zuwa shida ni ba na yarda da ita, ka canza har tiyub. Sarƙa kuma a wanke a sa mata mai, a bar mata ɗan wasa kamar santimita 2 zuwa 3, kada a ɗaure ta tamau. Ka tambayi wanda ya gyara maka tsarin giyarsa, don ba duka CG ne ake taka su iri ɗaya ba.

Ɗan_Auta

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba tayar, lambobi uku ne, ashe ta girme ni. Baba Dattijo, wani abu kuma, kwana ce ke ba ni tsoro. A keke ma nakan buɗe da yawa. Kuma kai a kan wane babur ka koya?

Dattijon_Babur

Suzuki A100, ɗana, irin masu hayaƙin nan da ke ƙona baƙin mai tare da fetur. Kafin a gan ka an ji ƙararka, bayan ka wuce kuma shuɗin hayaƙinka na nan yana yi wa mutane sallama. Ba mai irin wannan babur da zai fita babu fulogi na biyu da sifana a aljihu. Yana cikin tafiya sai ya fara tari, ka sauka ka kwance fulogi ka tarar ya yi baƙi ƙirin ya jiƙe, ka goge ko ka canza, ka ci gaba. Idan saitin wuta ya goce kuwa, kik ɗin kan dawo ya daki ƙwaurinka, ka yi ta tsalle da ƙafa ɗaya jama'a na kallo.

Vespa ce na yi ta sha'awa ban mallaka ba. Tun 1946 kamfanin Piaggio na Italiya ke yin ta. Giyarta a hannun hagu take, kana kama kuloci kana murɗa hannun gaba ɗaya, ga tayar safaya a jiki, ga garkuwa a gaba da ke kare tufafi daga laka. Injinta a gefen dama yake, shi ya sa idan ka bi tsohon mai Vespa a baya za ka ga ya ɗan zauna a karkace. Sai Honda Super Cub da ta fito a 1958, wadda ba ta da hannun kuloci sam, taka giya kawai kake yi. Zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100, babu wani abin hawa mai inji da ya kai ta yawa a duniya. Yawancin waɗanda na sani da suka fara da ita sun fi mu natsuwa a hanya, ina jin don hankalinsu bai rabu tsakanin kuloci da titi ba.

Maganar kwana. Buɗewar da kake yi daga ido take. Babur inda kake kallo yake zuwa, idan ka ƙura wa ramin gefen titi ido, cikinsa za ka faɗa. Juya kanka gaba ɗaya ka kalli inda kwanar ta ƙare. Ka gama rage gudu da sauke giya tun kana miƙe, kafin ka shiga, sannan ka riƙe totur daidai ka fita da shi a hankali. Akwai kuma abin da mutane ke musu da ni a kai har sai sun gwada. Da zarar gudu ya wuce na sassarfa, idan za ka yi dama, hannun dama kake ɗan turawa gaba, babur ya kwanta dama. Za ka yi hagu, ka tura na hagu. Kana yin haka a keke ma ba ka sani ba. Ka gwada a filin nan da gangan, don ranar da akuya ko yaro ya faɗo maka, da wannan turin za ka kauce.

Idan ka fara hawa titi, mahaɗa ce wurin da za ka fi sa ido. A rahoton nan da na ambata, kusan kashi uku cikin huɗu na haɗurran karo ne da wani abin hawa, kuma a biyu cikin uku na waɗannan, ɗaya direban ne ya shiga hanyar mai babur, galibi ya ce bai gan shi ba. Ka kunna fitila ko da rana. Motar da ta tsaya tana jiran shiga, kada ka kalli fuskar direba, kalli tayarta ta gaba, ita ke fara motsi. Kada ka jera da babbar mota a gefenta, in ba ka ganin direba a madubinsa shi ma ba ya ganin ka. Yatsu biyu su zauna a kan birkin gaba duk lokacin da ka doshi mahaɗa. Goyo kuma ka ɗaga masa ƙafa sai hannunka ya faɗa, don nauyin mutum na biyu yana ƙara nisan tsayawa, kuma birkin CG na da ba shi da rarar da zai ba ka.

Bakanike_Sifana14

Na manta ban faɗa ba, iskar taya da safe ake auna ta kafin a hau, tana sanyi, kuma da geji, ba da matsa ta da yatsa ba. Idan an buɗe tankin ka ga tsatsa ta yi yawa, ka ɗauko hotonsa mu gani kafin ka bari a zuba masa wani abu.