Bidiyon basabamba: sunan da nake so mu tsayar

1/ 'Yan'uwa, ku taya ni mu tsayar da suna ɗaya ga irin bidiyon da Turawa ke kira experimental video. Masu yinsa suna ɗora shi a Vimeo da YouTube, kuma a can suna ne ke kai mai nema ga aiki. In kowa ya laƙaba nasa, ba za mu taɓa tarar da juna ba.

2/ Ga wanda bai san shi ba: bidiyo ne da ba dole ya zo da labari ko jarumi ba. Hoto da sauti da lokaci su ne abin sarrafawa. Nam June Paik, haifaffen Koriya, ya baje akwatunan talabijin da ya sauya wa kayan ciki a Jamus a 1963, a 1965 kuma ya aza maganaɗisu a kan talabijin har hoton ya murɗe. Da gangan ya yi.

3/ Wannan "da gangan" ɗin nake so sunan ya ɗauka. A zauren baje koli, ɗakin duhu da takardar da ke manne a bango sun isa su gaya maka aiki ne. A intanet babu bango. Bidiyon na zaune tsakanin waƙa da wasan ƙwallo, mutum ya buɗe ya ga hoto na rawa, sauti na yankewa, ya ce sabis ne ya lalace, ya wuce. Abin ya fi haka ma: shafukan suna matse fayil don ya yi sauƙin buɗewa, matsewar kuma ta fi cin hoto mai dishi-dishi, wanda sau da yawa shi ne gundarin aikin. Ga waɗanda yanki kawai suke sakawa, domin cikakken aikin kwafi ƙalilan ake sayarwa. Mai kallo ba shi da abin riƙewa sai taken.

4/ Shi ya sa ban yarda da "bidiyon gwaji" ba, duk da shi ya fara zuwa bakin kowa. Gwaji a kunnenmu abu ne da ake yi kafin na gaske. Wanda ya shekara yana tace aikinsa, ka kira shi gwaji, ka sanar wa duniya bai gama ba.

5/ "Bidiyon fasaha" kuwa kimiyya ta riga ta cinye shi, za a zo neman gyaran waya. "Bidiyon zane" katun ne.

6/ Malam, na ga shawararka ta "sabon salo", Allah ya ƙara basira. Sai dai abin ya haura shekara sittin. Rumbun UbuWeb kaɗai, shafin intanet da ya tara irin waɗannan ayyuka, tun 1996 aka kafa shi, ya girmi Vimeo na 2004 da YouTube na 2005. Ya za mu ce wa aikin 1965 sabo?

7/ 'Yar'uwa da ta kawo "bidiyon lalube", wallahi naki ya daɗe a raina. Ya kama halin mai yin: yana taɓa nan, yana taɓa can, bai san abin da kyamara za ta ba shi ba. Abin da ya hana ni shi ne lalube na tafe da duhu da rashin sanin hanya, kuma mai son raina aikin da shi zai fake.

8/ Ni dai basabamba na zaɓa. Kalma ce da ke bakinmu tuni, ba sai an yi mata bayani ba. Tana gaya wa mai kallo tun kafin ya danna cewa ba abin da ya saba zai gani ba, don haka ya yi haƙuri da minti na farko. Na san tana da faɗi, ba kowane baƙon abu ne aikin hikima ba. Amma in muka riƙe ta a wannan fage, amfani zai ƙuntata ta.

9/ A rubutu mu haɗe ta, basabamba, domin alamar # tana yankewa a wurin karan ɗori. Mai aiki a ajiye ya sa #bidiyonbasabamba a ƙarƙashinsa, mu ga nawa za su taru.