Ina son fara auna husufin taurari da bidiyo, ta ina zan kama?

Isiyaku:
Assalamu alaikum. Ina da madubin hangen nesa mai faɗin inci 8, irin na Dobson, wanda ba ya bin tauraro da kansa. Makon jiya na zuba ido har gefen wata mai duhu ya rufe wani tauraro. Ɓat, kamar an kashe fitila. Na danna agogon wayata, amma ni kaina na san hannuna ya makara. Yanzu so nake in riƙa ɗauka a bidiyo yadda awon zai yi wa masu bincike amfani, har in kai ga na astaroyid, wato lokacin da ɗaya daga cikin duwatsun da ke zagaya rana ya rufe tauraro. Wace kyamara zan nema? Madubin nan zai isa? Kuma agogon kwamfuta ya wadatar?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malam Isiyaku. Tambayarka ta ƙarshe ita ce babba, don haka da ita zan fara. Agogon kwamfuta shi kaɗai bai wadatar ba. Ko an daidaita shi ta intanet yakan kauce, kuma akwai jinkiri tsakanin lokacin da haske ya shiga kyamara da lokacin da kwamfuta ta buga wa hoton hatimi.

Duba lissafin. A ce inuwar astaroyid tana gudun kilomita 15 a sakan a doron ƙasa, tauraro ya ɓace maka sakan 4. Ka auna layi mai tsawon kilomita 60 ke nan a jikin dutsen. In hannunka ya makara da sakan 0.3, ka gusar da gefen dutsen da kilomita 4.5. Layinka za a jera da na wasu mutane da ke wasu wurare don a fitar da siffar dutsen, to idan agogonka ya saɓa da nasu, layin naka ba zai zauna a mazauninsa ba. Shi ya sa muke dogaro da GPS, wanda ke fitar da bugu ɗaya daidai farkon kowane sakan.

Hanya uku na sani. Ni tsohuwar nake bi: kyamarar analog mai gani a duhu, Watec 910HX, sai akwatin IOTA-VTI da ke rubuta lokacin GPS a kan kowane hoto kafin ya isa kwamfuta. A tsarin bidiyo na PAL hoto 25 ake samu a sakan, kowanne ya rabu biyu, wato kana iya tantance sakan 0.02. Ta biyu kyamara mai GPS a cikinta, kamar QHY174M-GPS. Ta uku, in kana da kyamarar ɗaukar duniyoyi a hannu, ka haɗa ƙaramar fitilar LED da bugun GPS ka haska ta a bakin madubi kafin husufin da bayansa, sai ka gyara lokacin kwamfuta da walƙiyar. Tana aiki, sai dai tana son natsuwa.

Madubinka kuwa ya isa har ya yi yawa. Akwai masu yin wannan aiki da gilashin milimita 50 idan tauraron mai haske ne. Rashin bin tauraro ma da maganinsa: tun da wuri ka saita madubin a kan daidai wurin da tauraron zai iso a lokacin husufin, ka ɗauke hannu, juyawar duniya za ta kawo maka shi cikin hoto. Ka sa gilashin rage tsawon fokas don filin ya faɗaɗa.

Shawarata, kada ka fara da astaroyid. Ka yi wata biyu ko uku kana koyo da wata, kafin ya cika, lokacin da gefensa mai duhu ne ke gaba. Kusan kowane dare akwai tauraron da zai rufe, kuma daga 2023 zuwa 2029 yana ratsa Kaza da 'Ya'yanta a kai a kai, ko da yake ba ko'ina ake gani ba. Manhajar Occult ta Dave Herald za ta ba ka hasashen wurinka.

Binta:
Malam Habu ya gama magana a kan agogo. Abin da zan ƙara, ɗan'uwa, kada ka bari manhajar ɗauka ta matse bidiyon zuwa MP4. Na taɓa rasa husufi mai kyau a haka. Tauraron dusu-dusu ne, matsewar ta cakuɗa shi da ƙurar hoto, da na buɗe a Tangra, manhajar auna hasken tauraro a bidiyo, na kasa gane hoton da ya ɓace a cikinsa. Abin ya daɗe yana damuna. Ka ɗauka a AVI marar matsi ko SER, ka fara minti ɗaya kafin lokacin hasashe, ka ci gaba minti ɗaya bayansa. Idan ka sa kyamara ta riƙa tara haske na hotuna 4 ko 8, ka rubuta adadin nan take, domin PyOTE, manhajar da ke fitar da lokacin ɓacewa da dawowar tauraro, na buƙatarsa wajen cire jinkirin kyamara. Ka kuma rubuta inda ka tsaya daga GPS, har da tsayinsa daga teku.

Isiyaku:
Na gode ƙwarai, Malam da Yaya Binta. To idan na shirya komai, tauraro ya ƙi ɓacewa fa? In share bidiyon?

Malam Habu:
A'a, kada ka share, ka aika rahoto. Rashin ɓacewar ya nuna gefen dutsen bai kai inda kake ba, wannan kuwa iyaka ce da ake sawa a zanen siffar dutsen. Tun da aka fitar da bayanan Gaia, kumbon da ya auna matsayin taurari, a 2018 hasashe ya gyaru sosai, amma har yanzu inuwa takan kauce. Ka kuma kalli bidiyon har ƙarshe. Zobban da ke kewaye da Chariklo, wani dutsen sararin samaniya, a 2013 da gajerun dusashewa kafin babban husufin da bayansa aka gano su, kuma a 2021 wasu masu sha'awa biyu a Ostareliya sun ga tauraro ya ɓace sau biyu, aka gane astaroyid Arecibo yana da ɗan watansa.

Ka sauke manhajar OccultWatcher ka yi rajistar wurinka, don sauran masu kallo su san layin da ka riƙe su bazu zuwa wasu. Idan ka ɗauki na watan farko, turo mana jadawalin hasken a nan mu duba tare.