Bakan saman ƙofa yana kifewa a FreeCAD idan na canza faɗi

Maiwalda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zana saman ƙofar ƙarfe mai baka mai tsini, irin na tagogin masallaci, a Sketcher, sashen jan layuka na manhajar zanen injiniya FreeCAD 1.0. Na ja da'ira biyu masu girma ɗaya, cibiyar kowacce a kan layin gindi, na datse rarar da Trim. A faɗin milimita 1200 bakan ya fito tsaf. To mai aikin yana son irinsa a taga mai faɗin 600, ina canza lambar sai tsinin ya juya ya kalli ƙasa. Burina in riƙa sa faɗi da tsayi kawai, zanen ya daidaita kansa. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Injiniya_Zariya: Wa alaikumus salam Malam. Da'ira biyu a wuri biyu suke haɗuwa, sama da ƙasa, kuma a lissafi duka biyun daidai ne. Idan ka yi babban tsalle a lamba, manhajar tana iya cafke mahaɗar ƙasa. Kada ka bar mata zaɓi. Ja layin taimako a tsaye daga tsakiyar gindi, ka ba shi tsayi, ka ɗaure bakin bakunan biyu a kansa. Sannan ka buɗe Spreadsheet, teburin lissafi na FreeCAD, ka lissafa nisan cibiyar da'ira zuwa gefenta, wato r, da kanka:

r = (faɗi²/4 + tsayi²) / faɗi

Faɗi 1200 da tsayi 800 zai ba ka 833.3. In kuwa r ya yi daidai da faɗin, tsayin zai zama 0.866 na faɗi, wannan shi ne bakan da ya fi kwanta mini a ido. Amma ka kula, kada tsayi ya gaza rabin faɗi, domin daga nan tsinin lotsawa ciki yake yi.

Mai_Zane: Ni da OpenSCAD nake yi, manhajar da ake zane a cikinta ta hanyar rubuta umarni. Da'ira biyu da murabba'i ɗaya a cikin intersection(), umarnin da ke barin inda suka hau juna kawai, shi ke nan, ba ya taɓa kifewa.

Injiniya_Zariya: Gaskiya ne ɗan'uwa, sai dai da'irar OpenSCAD gajerun layuka ce aka jera. Idan ya fitar da zanen a fayil ɗin DXF ya kai wa masu injin yanka, injin na iya riƙa cijewa a kowace gaɓa, gefen ƙarfen ya fito da kaushi, a koma gurza da giranda. Ko ya ɗaga $fn, lambar da ke ƙayyade yawan layukan da'ira, layukan ne dai suka ƙaru.

Maiwalda: Allah ya saka da alheri Injiniya. Na sa lissafin, na sauko da faɗin a hankali, 1000, 800, har 600, tsinin yana sama, zanen ya yi kore, alamar cewa duk layukan sun ɗauru. Saura bakan ciki, tunda faɗin ƙarfen milimita 40 ne. Cibiya ɗaya zan ba su in rage 40 daga r?

Injiniya_Zariya: Haka za ka yi. Sai dai a wurin tsinin kaurin zai haura 40 idan ka auna a tsaye, ka tuna da hakan kafin ka yanki gilashi.