Musayar waƙa: alkawarin da Allah ya yi wa Nuhu

Ɗan Kwaya:
Salama 'yan'uwa, yau Littafin Farawa na cikin Littafi Mai Tsarki, sura 6 zuwa 9, muka ɗauko, kowa ya kawo baitinsa ko guda ɗaya ne kar a ji kunya. Bari in buɗe.

Kwana 40 ruwa na zuba ba tsayawa,
Nuhu na da shekara 600, ga tsufa ga jurewa,
Su takwas a jirgi, Ubangiji da kansa ya yi rufewa,
Kwana 150, ko kan tsauni ba mai hangowa.

Maman Zumunta:
Sannu ɗana, ni daga duwatsun Ararat zan karɓa.

Hankaka ya fita yana ta kai da komowa,
Kurciya ta rasa wurin sa ƙafa, sai dawowa,
Karo na biyu da ɗanyen ganyen zaitun ta yi isowa,
Na uku ta tafi ke nan, ƙasa ta yi bushewa,
Nuhu na fitowa, bagade ya fara ginawa.

'Yar Maiduguri:
Mama ku yi haƙuri ni dai tambaya ce ke cina tun Satumba 2024 da madatsar ruwa ta Alau kusa da Maiduguri ta fashe, har yau in an karanta wurin nan a coci sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

An ce alkawari ne, ruwa ba zai sake ba,
To wanda ya shigo mana da dare, shi bai ji ba?
Katifa da buhun gero ko ɗaya ba mu fitar ba,
Na ɗaga kai sama, bakan gizon ban gani ba.

Baba Dattijo:
Kai 'yata sannu, Allah ya mayar muku da alheri, kukanki ba laifi ba ne. Amma ki buɗe Farawa 9:11 ki haɗa da 8:21, a hankali.

Bai ce kogi ba zai ƙara cika ya batse ba,
Cewa ya yi ba zai sake shafe masu rai duka ba,
Ya san zuciyarmu tun yarinta ba ta gyaru ba,
Ya ɗaura alkawarin, bai jira mun shiryu ba,
Har tsuntsu da dabba bai bar su a waje ba,
Bakan ma shi ya ce zai duba ya tuna, ko ke ba ki gani ba.

'Yar Maiduguri:
Toh Baba na gode, wannan layin na ƙarshe ya shige ni, gaskiya zuciyar ba ta gama hucewa ba amma ga nawa daga 8:22.

Shuka da girbi ya ce ba za su daina ba,
Sanyi da zafi, dare da rana ba za su fasa ba,
Bana ma Babanmu ya yi shuka, bai zauna ba.

Yaya Ɗan Kwaya saura 9:6 kan zubar da jinin mutum fa, kar mu tsallake ta, kai za ka ɗauka.