Sun manna lambobinmu na NIN a bango, ya halatta?

Manomin Riɗi:
Assalamu alaikum. Ni mazaunin wani ƙauye ne a yankin Maigatari. Kafin damina aka zo ɗaukar sunaye don rabon takin tallafi, kowa ya ba da NIN da lambar waya. Da jerin ya fito sai aka manna shi a bangon ofis, komai a fili, har yara na tsaye suna karantawa. Ba a jima ba wani ya kira Baba, ya faɗi sunansa da NIN ɗinsa daidai, ya ce ya karanto masa lambar da za ta shigo wayarsa don a sakar masa kuɗi. Allah ya sa ƙanina na kusa, ya karɓe wayar ya kashe. Abin haushin, da na je tambayar buhu nawa aka ware wa mazaɓarmu, ma'aikacin cewa ya yi wai sirrin gwamnati ne. To wanne ne sirrin?

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara tsarewa. Malam, kife abin suka yi. Dokar kare bayanan mutane da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta hau kan ofisoshin gwamnati, ba kamfanoni kaɗai ba. Abin da aka karɓa don taki, a harkar taki zai tsaya, kuma tsare shi wajibi ne a kansu. Sunan mutum da unguwarsa ai sun isa ya san ya samu. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, awa 72 aka ba su su sanar da hukumar kare bayanan mutane ta ƙasa, wato NDPC da ke Abuja, kai ma kana iya kai ƙorafi can.

Adadin buhuna kuwa dukiyar jama'a ce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce ka nema a rubuce, su amsa cikin kwana 7. Ita ma ta hana su miƙa bayanan wani mutum ba da yardarsa ba.

Mai POS:
Mu ma da namu laifin. Kullum sai an bar kwafin takardar NIN a shagona, kuma da idona na ga wata an naɗe ƙosai da ita ranar kasuwa. Ku gaya wa Baba, banki ba ya kira ya nemi PIN ko lambar da ke shigowa ta saƙo.

Uwar Biyu:
Ɗan'uwa, kafin maganar Abuja ku tashi ku sami dagaci a cire takardar nan yau. Ka ɗauki hotonta don shaida, amma don Allah kada ka tura a WhatsApp, sunayen matan aure na ciki da lambobinsu.

Manomin Riɗi:
Na gode, bayan la'asar zan je wurin dagaci. Malam, takardar neman adadin buhunan, da Hausa zan iya rubuta ta ko sai da Turanci?