Ziyarar fadamar Pantanal a Brazil

Hadiza: Jama'a, wane lokaci ya fi dacewa a je Pantanal ganin damisar can da ake kira jaguar, kuma ina ake sauka?

Malam Sani: Hajiya, ki bari sai rani, Yuli zuwa Oktoba. Ruwa ya janye, dabbobi na taruwa a bakin kogi. Ki sauka birnin Cuiabá, ki bi ta garin Poconé zuwa Porto Jofre da ke bakin kogi. Daga Poconé hanyar ƙasa ce, kusan kilomita 145, gadoji sun haura 100. Da damina laka kan riƙe mota.

Bala: A cika tanki tun daga Poconé. Masaukin bakin kogi ya fi, don daga jirgin ruwa ake hango damisar, da sassafe ko da yamma.

Malam Sani: Rigakafin cutar shawara kuma, kwana 10 kafin tafiya.