Wace jaka zan saya saboda gudun ambaliya? Dan Allah a ba ni shawara

Maman Hanif:
Assalamu alaikum yan uwa. Mu a Gwange muke cikin Maiduguri, daren da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 haka muka fita ruwa har ƙugu ni da yara da Hajiya mahaifiyar maigidan, shi yana Kano ya je saro kaya. Abin da hannuna ya kai kawai na zuba a ganamasgo, kafin mu hau titi zif ya fashe hannu ɗaya ya tsinke, katin rigakafin yara da takardun makarantata duk suka dame kamar fura. Zanin gado har biyu na ɗauka amma na manta maganin hawan jinin Hajiya, har yau in magana ta haɗa mu sai an goranta min. A sansanin Bakassi muka zauna. Yanzu ko hadari ne ya haɗo gabana faɗuwa yake, ina so in haɗa jakar baya in rataye bakin ƙofa. Na ga wata a gwanjo irin ta sojoji mai shi ya ce lita 65 ce, da wata ƙarama ta yan makaranta. Wacce ta fi?

Abban Walid:
Babu ko ɗaya. Lita 65 ta masu hawan dutse ce, duk jakar da ta yi girma sai kin cika ta, kuma ruwan sha lita ɗaya kilo ɗaya ne, lissafa ki gani. Ki nemi lita 30 zuwa 40 mai madaurin ƙugu da na ƙirji, nauyin ya sauka a ƙugu ba a kafaɗa ba. Ki ja zif ɗin sau goma a gaban mai kayan, ki juya cikin ki duba ɗinkin da ya riƙe hannayen. Sannan mai kalar kakin soja a Maiduguri? Ki rufa wa kanki asiri, a shingen bincike za ki yi bayani har ki gaji.

Ummu Safiyya:
Allah ya kiyaye gaba yar uwa. Ni dai bokitin fenti mai murfi ya fi min kowace jaka, ruwa baya shiga, yana yawo saman ruwa, in kin isa sansani ki zauna a kai ki ɗebi ruwa da shi.

Abban Walid:
Ta riƙe bokiti ta riƙe yaro da wane hannun? Amfanin jakar baya kenan. Takardu a saka a leda mai zif biyu, ɗaya cikin ɗaya, don babu jakar gwanjon da ruwa baya ratsawa ko me mai ita ya rantse.

Dan Borno:
Duk wannan maganar jaka ce, mu mai gidan da muke haya ya gina shago a kan kwata, ruwan sama kaɗan tsakar gida ya zama tafki, mun yi magana ya ce wanda bai iya ba ya tashi. Kuma ya ƙara kuɗin haya bana. Allah ya isa kawai.

Maman Hanif:
Abban Walid na gode amma lita 30 me za ta ɗauka? Mu shida ne fa. Ga tocila ga fawa bank ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino, ORS (haɗin gishiri da suga na gudawa), maganin Hajiya, kayan sawa. Kuma ina da goyo wata bakwai.

Anty Bilki:
To ai da kin faɗa tun farko! Baya ɗaya Allah ya ba ki, jaka za ki goya ko yaro?

Abban Walid:
Mai sauƙi ne, ta rataya jakar a gaba. Sauran kayan a raba wa yaran kowa da yar jakarsa.

Anty Bilki:
Malam ka taɓa goyo kuwa? Jaka a gaba yaro a baya cikin ruwa da dare, ba ta ganin inda take taka ƙafa, ga ramin kwata a buɗe. Ni nawa mijin ma jakar da na haɗa ƙaninsa ya ara ya tafi bautar ƙasa da ita, shekara guda kenan ko sannu.

Ummu Safiyya:
Shi ya sa na ce bokiti, a ka ake ɗora shi.

Maman Hanif:
Gaskiya babbar ba wai kalar soja ba ce sosai, kore ce mai duhu, kuma na riga na ba mai jakar kafin alƙalami tun shekaranjiya. Na ce ko babban yarona zai goya ta.

Abban Walid:
Shekararsa nawa?

Maman Hanif:
Tara, amma yana da jiki masha Allah.

Anty Bilki:
Hmmm. Shi maigidan me ya ce?